Ƙasar da Ke Ƙarƙashin Hadari

A ƙarshen watan Afrilun bana, washegarin ranar da aka yi ruwan da ya wanke rufin kwanon Jos ya kwantar da ƙura, na bi baffana zuwa gonarsa da ke gefen wani tsohon kududdufin haƙar kuza a kudancin Bukuru. Tun a hanya nake ta yi masa barka da ruwa, domin ma'aunin da na kafa a bayan gida ya nuna an samu abin kirki, amma bai tanka ba sai da muka isa. Ya durƙusa a kan wata tsohuwar kunya, ya sa hannu ya tona, ya damƙo ƙasar ya matse ta a tafinsa, sannan ya buɗe hannun yana duban yadda take wargajewa. Ya ƙara tonawa har ya tarar da busasshiya, ya auna zurfin da yatsunsa, bai kai taƙi ɗaya ba. Ya ce, "Wannan ba ruwan shuka ba ne, ɗana. Laima ba ta haɗu ba. In rana ta buɗe kwana uku, sai ka ce ba a yi shi ba." Daga nan muka gangara wajen fadamar, tafiyar da ba ta wuce taku arba'in ba, ya sake tonawa, sai ga ƙasa baƙa ƙirin tana manne masa a yatsu, sanyinta har can ciki.

Aikina shi ne sarrafa manhajar kwamfuta mai kwaikwayon yanayi, irin wadda masu hasashe ke dogara da ita wajen faɗin ko za a yi ruwa gobe, ko kuma damina za ta faɗi da wuri. Na yi shekaru hankalina yana sama, a kan iska da gajimare da tururin da ke tasowa daga Tekun Atlantika, kafin na gane cewa da yawa daga cikin kurakuran da nake gani a allon kwamfuta daga ƙasa suke tasowa. Abin da baffana ya bincika da hannunsa cikin minti biyu shi ne tambayar da manhajar ke yi wa kowane yanki na duniya sau ɗaruruwa a yini: ruwa nawa ne a cikin wannan ƙasa, ina zurfinsa ya tsaya, kuma nawa ne zai koma sama idan rana ta fito? Amsar da take bayarwa a wurare irin namu har yau tana da rauni, kuma raunin ba zai gyaru ba sai mu da muke taka ƙasar mun shiga aikin auna ta.

Manhajar tana yanka sararin samaniya gida-gida kamar gidajen dara, sai dai tata darar hawa-hawa ce, tun daga doron ƙasa har can sama da inda jiragen sama ke bi. A kowane gida tana riƙe da zafin iska da nauyinta da gudunta da yawan tururin da ke cikinta, tana lissafa yadda za su sauya bayan 'yan daƙiƙu ko mintuna, ta ɗora sabon lissafi a kan wancan, har ta kai gobe ko jibi ko ƙarshen damina. To amma hasken rana ba ya dumama iska sosai a kan hanyarsa ta saukowa. Ƙasa yake fara dumamawa, ita kuma ta dumama iskar da ke kanta, kamar yadda tukunya ke ɗaukar zafi daga gindi. Ke nan ƙasa ce ke raba gadon ƙarfin rana. Wani kaso takan mayar da shi sama nan take, kuma farin rairayi ya fi baƙar laka mayarwa nesa ba kusa ba. Wani takan haɗiye ta ajiye shi sai dare. Wani takan gasa iska da shi kai tsaye. Saura kuma ya tafi wajen mayar da ruwa tururi.

Wannan kaso na ƙarshe shi ne mutane ba su cika sanin girmansa ba. Kafin lita ɗaya ta ruwa ta zama tururi tana cin ƙarfin da ya kai kusan kashi biyu cikin uku na yunit ɗaya na wutar lantarki. Idan a ce kadada ɗaya ta gonar masara ta fitar da ruwa mai zurfin milimita 5 a yini, abin da ba baƙo ba ne a tsakiyar damina, lita 50,000 ke nan ta tashi sama, ta kuma tafi da ƙarfin da ya kai yunit 34,000 ko kusa da haka. Idan ƙasar a bushe take, mafi yawan wannan ƙarfi iska zai gasa. Shi ya sa mutum ke jin sanyi yana shiga lambu da tsakar rana, ya kuma ji zafi ya mare shi da ya fito kan fako. Manhajar da ta yi kuskuren laimar ƙasa za ta yi kuskuren zafin rana, da tsayin da iska mai zafi ke kaiwa, da lokacin da hadari zai haɗu, ko da duk sauran lissafinta daidai ne.

Masanan farko sun san da haka, amma kwamfutocinsu ba su da ƙarfin ɗaukar dogon bayani. A 1969 Syukuro Manabe, ɗan asalin Japan da ke aiki a Princeton ta Amurka, ya shigar da ƙasa cikin manhajarsa a siffar bokiti mai zurfin santimita 15. Ruwan sama ya zuba a bokitin, rana ta ƙafar da shi gwargwadon cikarsa, in ya cika ya tumbatsa a ce abin da ya zube ya tafi kogi. Bokiti iri ɗaya ne ga dajin Kwango da hamadar Sahara da gonakin Kano, babu ganye, babu saiwa, babu bambancin jigawa da fadama. Ina ganin girman wannan aiki duk da sauƙinsa, domin shi ne ya fara sanya ƙasa ta riƙa tuna ruwan jiya a cikin lissafi, kuma mutumin ya samu kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2021 saboda harsashin da ya kafa wa wannan fage baki ɗaya.

Yankinmu ne ya tilasta wa duniya ta ɗauki maganar da muhimmanci, kuma ta hanya mai ciwo. Bayan farin 1972 da 1973, wanda dattawanmu har yau ke ba da labarin dabbobin da ya kashe da mutanen da ya tarwatsa, wani masanin yanayi ɗan Amurka mai suna Jule Charney ya fito a 1975 da wani tunani. Ya ce idan kiwo da saran itace suka tsiraita ƙasa, za ta yi haske ta riƙa mayar da hasken rana sama fiye da da, iskar da ke kanta ta rasa zafi ta riƙa sauka maimakon tashi, hadari ya kasa haɗuwa, ciyawa ta ƙara mutuwa, fari ya ci gaba da ciyar da kansa. Da shi da abokan aikinsa suka gwada a kwamfuta, suka ɗaga hasken da ƙasar ke mayarwa daga kashi 14 zuwa kashi 35 cikin ɗari, sai ruwan damina ya ragu da kusan kashi 40. Maganar ta yi tasiri ƙwarai, har ta kai aka daɗe ana ɗora alhakin farin a wuyan makiyayi da manomi. Daga baya awo ya nuna cewa hasken ƙasar Sahel bai sauya har haka ba, sannan binciken masana a hukumar yanayi ta Birtaniya a 1986, da na Alessandra Giannini da abokan aikinta a 2003, suka tabbatar da cewa sauyin zafin tekunan duniya ne babban direban farin shekarun 1970 da 1980. Ƙasa tana ƙara wa abin da teku ya faro ƙarfi, tana kuma tsawaita shi. Nakan tsaya a kan wannan labari duk lokacin da nake magana da ɗalibai, domin yana nuna cewa lambar da aka sanya wa ƙasarmu a cikin kwamfuta a wata nahiya tana iya zama hukunci a kan talakan da bai san ana yi ba.

A tsakiyar shekarun 1980 ne ganye ya shiga lissafin sosai. Masana biyu, Robert Dickinson da Piers Sellers, kowannensu da tawagarsa, suka fitar da tsare-tsaren da ke kallon tsiro a matsayin abu mai rai: ganye yana tare ruwan sama kafin ya kai ƙasa, saiwa tana jawo ruwa daga ciki, ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye suna buɗewa su fitar da tururi, suna kuma rufewa idan tsiron ya ji ƙishi. Bayan kimanin shekara goma aka haɗa buɗewar waɗannan ƙofofi da yadda tsiro ke shaƙar iskar kabon yana haɗa abincinsa, tunda ta ƙofa ɗaya kabon ke shiga ruwa ke fita. Tsare-tsaren da ake amfani da su yau, irin su Noah da CLM na Amurka da JULES na Birtaniya, jikokin waɗancan ne. Sun yi nisa ƙwarai, sai dai mafi yawan lambobin da ke cikinsu an samo su ne daga gonaki da dazuzzukan Amurka da Turai, inda aka fi samun na'urorin awo.

Ga abin da nake gani idan na buɗe manhajar hasashen yanayi ta WRF da tsarin Noah a kan yankin Filato. Ƙasar tana da hawa huɗu, na sama mai kaurin santimita 10, sai na 30, sai na 60, sai na 100, jimla mita biyu, a nan duniyarta ta ƙare. A tsarin da aka saba, kowane gida nau'in ƙasa ɗaya ake ba shi da nau'in tsiro ɗaya, wanda ya fi rinjaye a taswira. Ita kuwa tsohuwar taswirar ƙasa ta duniya da hukumomin FAO da UNESCO na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kammala tsakanin 1971 da 1981, wadda aka daɗe ana ɗibar bayanin Afirka daga cikinta, santimita ɗaya a kanta kilomita 50 ne a fili. Tudun Jos gaba ɗayansa bai wuce murabba'in kilomita 8,600 ko makamancin haka ba, alhali gida ɗaya a manhajar da ke hasashen sauyin yanayin duniya yakan kai kilomita 100 a tsaye da 100 a kwance. Wato dukan tudun, da garin Jos mai tsayin mita 1,200 da wani abu daga bakin teku, da duwatsun Shere da suka haura mita 1,800, da gangaren Assop inda iskar damina ke cin karo da tsauni ta hau ta zubar da ruwa, duk za su iya shiga gida ɗaya a niƙe su su zama lamba ɗaya. Ko manhajar cibiyar hasashen yanayi ta Turai, wadda ke cikin mafiya inganci a duniya, gidanta kilomita 9 ne.

Wanda ya san Jos ya san abin da aka niƙe. Akwai falalen dutse da ba ya shan ruwa ko ɗigo, wanda ke ɗaukar zafi da rana ya riƙa sakinsa har bayan isha'i. Akwai marmara da ɓurji da saiwa ba ta iya ratsawa. Akwai tarin ƙasar da kamfanonin kuza suka juye tun farkon ƙarni na 20, ta ciki ta dawo waje, da ɗaruruwan kududdufan da suka bari cike da ruwa rani da damina. Akwai fadamun da ruwa ke gangaro musu ta ƙarƙashin ƙasa daga tudu, abin da yawancin manhajoji ba su san da shi ba, domin a lissafinsu ruwa sama da ƙasa kawai yake tafiya, ba ya ratsawa gefe daga gida zuwa gida. Taku arba'in ɗin da muka yi ni da baffana daga jigawa zuwa fadama, a wurin kwamfuta ba mu motsa ba.

Sai kuma batun ɓawon ƙasa, wanda nake ganin yana cikin manyan abubuwan da aka bari a baya. Manhaja takan ɗauka cewa ƙasa mai rairayi tana shan ruwa da sauri, kuma a littafi haka ne. Amma a ƙasar da ta tsiraita, ɗigon ruwan farko mai ƙarfi yakan farfasa curin ƙasa ya toshe ƙofofinta, ta yi wani siririn ɓawo da bai kai kaurin farce biyu ba, ruwa ya riƙa bi ta kansa yana malala kamar a kan daɓe. Wannan ne ya haifar da abin da ya ɗaure wa masana kai a Sahel bayan shekarun fari: ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ke kwarara a ƙoramu ya ƙaru, har a yankin Yamai ruwan rijiyoyi ya riƙa tasowa, saboda malalen yana taruwa a tafkuna ya nutse daga can. Manhajar da ba ta san ɓawo ba za ta ajiye ruwan a gona ta mayar da shi sama gobe, alhali a gaskiya ya riga ya wuce kwari. Mu a Jos mun san ƙarshen ruwan da ƙasa ta ƙi sha. Wanda ya ga abin da ambaliyar watan Yulin 2012 ta yi a Rikkos da Gangare, da rayukan da ta ci cikin dare, ba zai ɗauki lissafin malale a matsayin ƙaramin abu ba.

Ta fuskar itatuwa kuwa, gawo kaɗai ya isa misali. Manhaja ta koyi cewa a ƙasa mai rani da damina, itace yana yin ganye idan ruwa ya sauka, ya zubar idan ƙasa ta bushe. Gawo akasin haka yake yi. Da damina yake zubar da ganye ya tsaya tsirara, shi ya sa gero da dawa ke yin kyau a gindinsa ba tare da inuwa ta danne su ba, sai kaka ta yi ya fara tofo, ya yi kore shar a tsakiyar rani lokacin da komai ya ƙone. Yana iya haka ne domin saiwarsa tana nutsawa mita da dama har ta tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, can ƙasa da mita biyun da manhaja ta tsaya. Ke nan a gonakin Kano da Katsina da Damagaram inda gawo ya yi yawa, akwai ruwan da ke tashi sama a watan Janairu wanda a lissafin kwamfuta babu shi sam. Ba gawo kaɗai ba, itatuwa da yawa na dajinmu sukan yi sabon ganye a bazara tun kafin ruwan farko, kuma manoma suna karanta wannan a matsayin alamar ƙaratowar damina. Gonar Bahaushe ma ita kanta ba ta shiga rukunin da taswira ta tanada. Taswira tana son ta ce wannan gona ce, wancan daji ne, alhali a wurinmu gero da wake da kuka da ɗorawa da kaɗanya a fili ɗaya suke, kowanne da zurfin saiwarsa da lokacin shan ruwansa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a duk wannan fage shi ne tambayar inda hadari ke fara haɗuwa. A 2004 Randal Koster na hukumar NASA da abokan aikinsa suka gwada manhajoji goma sha biyu, suka gano cewa akwai wurare kaɗan a duniya inda laimar ƙasa ke da hannu sosai a ruwan sama, kuma Sahel tana cikinsu tare da tsakiyar ƙasar Amurka da arewacin Indiya. Dalilin a fili yake, domin inda ƙasa ke jiƙe kullum laima ba ta ƙaranci, inda take bushe kullum babu abin da zai tashi, sai a tsakani irin namu ne ƙaramin bambanci ke sauya al'amari. Amma manhajojin sun saɓa wa juna ƙwarai a kan ƙarfin wannan tasiri. Akasarinsu suna tafiya ne a kan fahimtar da Bahaushe zai ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, wato inda aka yi ruwa jiya nan tururi zai fi yawa, nan kuma za a sake yi yau.

Christopher Taylor, wani masani a Birtaniya, da abokan aikinsa sun bi sawun hadari fiye da 3,000 a Sahel ta hotunan tauraron ɗan'adam, suka wallafa sakamakon a 2011. Sun tarar cewa hadarin la'asar ya fi son haɗuwa a kan iyakar jiƙaƙƙiyar ƙasa da busasshiya, ta ɓangaren busasshiyar, inda faɗin facin ya kama daga kilomita 10 zuwa 40, kuma wajen hadari ɗaya cikin takwas a yankin ta haka yake farawa. Yadda abin ke faruwa shi ne busasshiyar ƙasa tana yin zafi da rana iskarta ta tashi, iska mai sanyi da laima ta kwararo daga inda aka yi ruwa jiya don cike gurbin, su haɗu a bakin iyaka su tunkuɗa sama, gajimare ya kafu. A shekarar da ta biyo baya suka faɗaɗa binciken zuwa sauran nahiyoyi, suka ga cewa ruwan la'asar ya fi faɗa wa facin da ya fi maƙwabtansa bushewa, yayin da manyan manhajoji shida da suka duba ke nuna akasin haka. Wannan kuskure yana da nauyi, domin manhajar da ke hana busasshiyar ƙasa ruwa za ta riƙa tsawaita fari a lissafinta fiye da yadda yake. Manomanmu sun daɗe suna faɗin cewa ruwa yakan yi a wannan gari ya tsallake na kusa da shi, gobe kuma ya juya. Ashe wani ɓangare na wannan rabo ƙasa ce ke tsara shi.

Adalci ne a faɗa cewa a nan laifin ba na tsarin ƙasa ba ne shi kaɗai. Manhaja mai manyan gidaje ba ta iya ganin hadari ɗaya-ɗaya, sai ta yi amfani da wata ƙa'ida ta kintace, kuma ƙa'idar takan yi gaggawar zubar da ruwa tun da tsakar rana da zarar ta ga tururi ya taru. Da hukumar yanayi ta Birtaniya ta gudanar da manhaja a kan Afirka baki ɗaya da gidaje masu faɗin kilomita 4.5, inda hadari ke haɗuwa da kansa ba tare da waccan ƙa'ida ba, lokacin saukar ruwa da ƙarfinsa sun fi kama da gaskiya. Sai dai ƙanƙantar gida tana ƙara wa bayanin ƙasa nauyi ne. Idan gidan ya kai ƙanƙantar da zai bambanta fadama da tudu, dole a sami wanda zai gaya masa wanne ne wanne.

A nan ne maganar awo ta shigo. Mafi yawan abin da duniya ta sani game da mu'amalar ƙasa da iska a yankinmu daga maƙwabta aka samo shi. A 1992 an yi babban gangamin awo na HAPEX-Sahel a gabashin Yamai, aka kafa na'urori a gonar gero da saura da daji. Daga 2002 shirin AMMA ya biyo baya, ya kai ƙololuwarsa a 2006, da wuraren awo na dindindin a Gourma ta Mali da Yamai da kwarin kogin Ouémé a Jamhuriyar Benin. Taurarin ɗan'adam ma sun taimaka, musamman SMOS na Turai da aka harba a 2009 da SMAP na Amurka a 2015, waɗanda ke auna laimar ƙasa daga sama. Amma santimita 5 na saman ƙasa kawai suke ji, kuma kowane awo nasu ya game fili mai faɗin kilomita 40 ko kusa da haka. Tauraro zai iya cewa an yi ruwa a kudancin Bukuru, ba zai iya cewa laima ba ta haɗu ba. Sababbin taswirorin ƙasa irin SoilGrids sun sauko zuwa mita 250, wanda babban ci gaba ne, amma su ma kintace ne da kwamfuta ta yi daga samfuran da aka haƙa, kuma ingancinsu a kowane wuri yana bin yawan ramukan da aka tona a can.

Akwai kuma abin da hannun mutum ke sauyawa kowace shekara. Daga Nuwamba 'yan lambu sukan kafa injin ban ruwa a bakin kududdufan kuza da gaɓar kogin Dilimi, su shuka kabeji da karas da latas da dankalin Turawa da ke cika kasuwar Farin Gada, a daidai lokacin da manhaja ke ɗaukar filin a matsayin ƙeƙasasshe. Haka abin yake a Kadawa da fadamar Haɗeja da Nguru, a fili mafi girma. Ƙunar daji tana mayar da tudu baƙi cikin dare ɗaya. Hazon hunturu da ke hana jirage sauka a filin jirgin saman Jos da ke Heipang, wanda da yawansa daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, shi ma lissafinsa lissafin ƙasa ne, domin ya danganta da laushin turɓaya da bushewarta da ƙarfin iskar da zai iya ɗaga ta.

Hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranar da ake sa ran faɗuwar ruwa da tsawon damina da lokacin da ake fargabar ɗaukewarsa, kuma manoma da yawa sun fara sauraro. Duk wani gyara da aka yi wa ƙasa a cikin manhajoji, a irin wannan hasashe zai bayyana, musamman a makonnin farko na damina lokacin da ƙasa ke rabe tsakanin jiƙa da bushewa, lokacin da kuma manomi ke yanke shawarar zuba irin da ya ajiye ko ya ci bashi ya saya. Abin da nake so in gani shi ne jami'o'inmu da kwalejojin aikin gona su ɗauki awon ƙasa a matsayin aiki na shekaru, da na'urorin laima a zurfi daban-daban, da hasumiyar auna zafi da tururin da ke tashi daga gona, da ɗaliban da za su tona su rubuta zurfin saiwa da ranar da kowane itace ya yi tofo, a kuma saki bayanan ga kowa. Ina kuma so a ɗauki sunayen da manomi ke kiran ƙasarsa da su da muhimmanci. Jigawa da fadama da fako da laka rabe-rabe ne da aka gina a kan yadda ƙasa ke karɓar ruwa da riƙe shi, wato daidai abin da manhaja ke nema.

Makon jiya na koma gonar da ƙananan na'urorin auna laima guda shida, na ce wa baffana ina son in binne uku a tudu, uku a fadama, a zurfin santimita 5 da 20 da 50. Ya karɓi ɗaya ya juya ta a hannunsa, ya tambayi ko tururuwa ba za ta ci wayar ba, na ce za mu sa ta a cikin bututu. Da na nuna inda nake son haƙawa a tudun, sai ya girgiza kai ya ce, "A'a, nan tsohon juji ne, ƙasar ba ta gaskiya ba ce, za ta riƙe maka ruwa fiye da sauran. Matsa gaba wajen waccan ɗorawa, amma kada ka shiga inuwarta." Muka matsa. A santimita 40 dagi ya ci karo da marmara, sai da muka yi kusan awa ɗaya kafin muka kai 50, alhali a taswirar da ke cikin kwamfutata wurin ƙasa ce mai laushi har mita biyu. Na rubuta zurfin marmarar a littafina, muka mayar da ƙasar hawa-hawa yadda muka ciro ta, muka kafa dutse don alama. Ɗan autansa ya ɗauki nauyin karanta ma'aunin ruwan sama kowace safiya bayan sallar asuba, ni kuma zan riƙa zuwa duk Asabar in kwashe abin da na'urorin suka tara, daga yanzu har a yanke dawa.